Gayyar da Muka Kai wa Kansila

Bana ruwa ya sauka da wuri. Ba mu gama kai taki gona ba aka yi ruwan shuka, yanzu ga gero ya kai gwiwa, ciyawa kuma ta taso tana neman cim masa. Jiya da hantsi ina zaune a dakalin ƙofar gida, ƙasa tana ta da wannan ƙamshin nata na bayan ruwa, sai babban ɗana Nasiru ya wuce da injin feshi goye a baya. Kafin azahar ya dawo, wai ya gama da ciyawar gonar gabas. Shi kaɗai. Gonar da a da sai mun tara majiya ƙarfi sun wuni a duƙe. Ban ga laifinsa ba, don ƙugun kowane manomi ya san sauƙin da aka samu. Sai dai na zauna ina tuna wata damina, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, wadda muka yi noman da ban taɓa yin irinsa ba.

Sunana Garba, amma a garinmu Garba Ganga ake ce mini. Kiɗan noma na gada a wurin mahaifina. Idan aka kira gayya, wato aka taru don a taya mutum noma, ni nake bin sahun manoma da ganga, ina kiran kowa da kirarinsa, har mutum ya manta da ciwon baya.

Shekarar da nake ba ku labari ta zo mana a kan yunwa. A daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba. Kafin bazara ta yi nisa an fara jin ƙasan rumbu. Zafi kuwa, idan ka taka ƙasa da rana tsaka sai ka yi rawar da ba kiɗa. A gidana, matata Hajara ta tsara mana rayuwa yadda za ta kai mu. Da safe koko tsararo, ba ƙosai. Da rana kwaɗon rama ko na tafasa, da ɗan ƙuli-ƙuli a daka a barbaɗa. Tuwo sai da dare, shi ma malmalar ta ƙanƙance har Nasiru, yana ƙarami a lokacin, yakan tambaya ko uwar tuwon ta tafi unguwa ne ta bar ’yarta. Hajara kuma tana da tsohon ciki. Haihuwar Nasiru ta ba ta wuya ƙwarai, har ma’aikaciyar asibiti a Ɗanbatta ta ja mini kunne cewa ta gaba kada a kuskura a yi ta a gida.

Da ruwa ya sauka muka yi murna, muka shuka, muka yi noman farko. Sai wata Laraba da la’asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye muka tarar kwalbatin da ke kan kwarin da ya raba mu da titi ya tafi. Dama ya daɗe da tsagewa, kuma a lokacin yaƙin neman zaɓe, a kansa kansilanmu, Alhaji Ɗanlami, ya tsaya ya yi alkawarin gyara shi. Yanzu ba abin da ya rage sai rami mai zurfi da jan ruwa yana gudu a ciki.

Mota ta daina shigowa. Masu kawo hatsi daga kasuwar Dawanau suka riƙa sauke buhu a bakin titi, kafin ya iso garinmu a kan mutane tsadarsa ta ƙaru. Takin zamani ma haka. Ni kuwa duk sanda na dubi Hajara tana tashi da ƙyar, ta dafa bango, sai in tuna kwarin nan, abinci ya fita daga raina, ga shi dama ba shi da yawa.

Yadda muka saba nuna fushi a da, kowa ya san shi. Bara waccan, a kan wannan kwalbatin dai, samari suka tare titi, suka ƙona tayoyi, aka yi jifa. Abin da muka samu shi ne an kwashe yaranmu an kulle, dattawa suka yi ta sintiri suna ba da haƙuri. Garin kuma ya dare biyu a kan jam’iyya. Mutanen da suka yi kaciya rana ɗaya suka daina gaisawa. Har nama sai ka duba hular mahauci kafin ka saya.

Ran Juma’a bayan an sauko, aka taru a gindin tsamiyar masallaci. Sabo, shugaban samari, wanda yana cikin waɗanda aka kulle bara waccan, ya miƙe idonsa jawur.

“Gonar kansila tana nan a hayin kwari, bakin titi,” in ji shi. “Shi yana can birni, a Bacirawa, cikin gidan siminti, bai san muna raye ba. Mu je mu tuge geron tas, ko ya ji a jikinsa.”

Samari suka ɗauki sowa. Sai Baba Nomau, Sarkin Noman garinmu, ya yi gyaran murya. Tsoho ne gajere, mai son raha, kullum da goro a kunci.

“Sabo, geron me ya yi maka?”

“Ba geron ba ne, Baba, mai geron ne.”

“To, ni ma na wuce ta gonar nan shekaranjiya. Ciyawar harƙiya ta shaƙe ta, ’yan ƙwadagonsa ba su zo maimaita noma ba. Gonar kam za mu je ta. Amma da fartanya za mu je, mu nome masa ita.”

Sai aka bushe da dariya. Wani ya ce tsufa ya fara taɓa Sarkin Noma. Baba Nomau ya bari aka gama, ya tofar da tuƙar goro.

“Ku faɗa mini, a ƙasar nan, in aka yi wa mutum gayya, yana iya zama a gida bai fito ya ce sannunku ba?”

“A’a.”

“Yana iya barin mutane da yunwa?”

“A’a.”

“In waɗanda suka nome masa suka kira tasu gayyar, yana iya ƙin zuwa, ya kuma ɗaga kai a kasuwa?”

Nan aka fara kallon juna. Sabo bai gamsu ba. “Da wannan yunwar za mu je mu yi masa bauta?”

“Da ita ɗin,” in ji Baba Nomau. “Ai shi ya sa tuwonsa zai yi mana daɗi. Kun yi jifa kun kwana a kulle. Ku gwada wannan, in bai yi ba, me kuka rasa? Ciyawa ce dai ta mutu.”

Liman ya sa albarka, aka kafa sharaɗi. Ba sanda, ba wuƙa, ba hular jam’iyya. Ba zagi, ko da mai gona ya zage mu. Sannan Baba Nomau ya nuno ni da yatsa.

“Kai kuma Garba, na san bakinka. Ba zambo, ba habaici.”

Na ce, “Baba, ka cire wa miya gishiri ke nan.”

Ya ce, “Ranar nan lami za mu sha.”

Ran Litinin, ana idar da sallar asuba muka fita. Hajara ta ɗumama mini ɗan ragowar tuwo, ta ce in na ga nama a can in tuna da mai ciki. A bakin kwari muka naɗe wanduna, ruwan ya kai mana ƙugu, sanyi kamar ya tsinke ƙafa. Kowa ya ɗora fartanya a ka, ni kuwa na ɗaga ganga sama da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Duk da haka danshi ya sa fatar ta saki, sai da na tsaya wurin mai shayin bakin titi na gasa ta a wutarsa har ta dawo da muryarta.

Baba Nomau ne ya jera mutane a bakin kunyoyi, kuma da gangan ya yi ta haɗa ’yan jam’iyyar nan da na waccan kafaɗa da kafaɗa. Na buga, aka duƙa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba in ba ku taɓa gani ba. Rana ta fito a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, tururi yana tashi. Fartanyu suna sauka tare, suna tashi tare, ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka sare ya cika hanci. Gumi yana bin bayan mutane yana ɗiga a ƙasa. Cikin kowa ba komai sai koko, amma da na fara kiran kirari, sai ga mutum biyu da suka shekara ba sa magana suna tsere a kunya, suna yi wa juna tsiya. Matafiya suka riƙa tsayar da kekuna a bakin titi suna kallo.

Da kiɗa ya yi daɗi, bakina ya kuɓuce. Na rera, “Mai gona, sannu da hutawa!” Samari suka amsa da ƙarfi, suna dariya. Ban ankara ba sai ga Baba Nomau a gabana.

“Garba.”

“Gaisuwa ce fa, Baba.”

“Gaisuwa ce mai ƙaya. Cire ƙayar.”

Sai na mayar da ita, “Mai gona, muna sallama.” Ita muka yi ta amsawa har rana ta ɗaga.

Wajen hantsi sai ga wata tsohuwa ta ɓullo daga cikin garinsu kansila, tana sauri da sanda, mayafi yana jan ƙasa. Hajiya Yalwa ce, mahaifiyarsa. An je an ce mata mutanen hayi sun shiga gona suna ɓarna. Ta iso tana haki, ta tsaya, ta dubi kunyoyin da muka wuce, fes, gero ya miƙe yana kaɗawa. Ta daɗe tana kallo.

“Sarkin Noma, wa ya kira gayya?”

“Mu muka kira kanmu, Hajiya.”

Ta dubi wandunanmu da jan laka ya ɓata har ƙugu, ta dubi wajen kwari. Sai ta ce, “Me yaron nan ya yi?”

“Bai yi komai ba, Hajiya. Abin da ya kawo mu ke nan.”

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta juya tana ƙwala wa matan gidanta kira a ɗora tukwane, a kamo akuya. A lokacin waya ba ta zo hannun kowa ba, sai ta sa wani mai babur ya tafi Bacirawa, ta ce ya gaya wa Ɗanlami uwarsa tana kira, ko wanka yake ya fito da kumfa.

Kafin ya iso, motar ’yan sanda ta riga shi. Su ma labarin ɓarna aka kai musu. Na ga kafaɗun Sabo sun ƙage, wasu samari sun fara miƙewa suna neman hanyar gudu. A nan ne na ji tsoro, don mutum ɗaya ya ruga ko ya ɗaga fartanya, shi ke nan an koma gidan jiya. Sabo ya ce da ƙarfi, ba tare da ya ɗago ba, “Kowa ya riƙe kunyarsa!” Na ƙara wa ganga wuta. Aka ci gaba da noma.

Wani sajan ya sauko ya zagaya, ya zo wurin Baba Nomau.

“An ce mana ana kashe-kashe a nan.”

“Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Tun safe muke kashe ciyawa.”

Sajan ya cire hula ya sosa kai. Daga nan ya nemi inuwar wata ɗorawa ya zauna, wai zai tsaya ya tabbatar da zaman lafiya. Ina jin ƙamshin miyar da ya fara tasowa daga gidan Hajiya ya taimaka masa wajen yanke shawara.

Fura aka fara kawowa, a manyan ƙore, da nono mai kauri. Ludayin farko da na kai baki, sai da na ji sanyinsa ya sauka har cikin ƙafafuna. Bayan azahar tuwo ya zo, na dawa, malmala manya, miyar kuka tana ƙyalli da man shanu, ga nama. Mun yi wata da watanni ba mu ga irinsa ba. Ba mai magana, sai ƙarar lasar yatsa. Na zaɓi tsoka biyu masu kyau na ƙunshe a ganye na sa a aljihu. Da na waiga, sai na ga kusan kowane magidanci yana yin abin da nake yi, kowa yana kawar da kai kada a gan shi.

Muna cikin wanke hannu motar kansila ta tsaya. Ya fito cikin farar babbar riga, fuskarsa duk a firgice. Ya taka gefen gona, takalminsa ya nutse a laka. Ya dubi gonar da aka kusa gamawa, ya dubi taron mutanen da bara waccan suka jefi motarsa. Ba wanda ya yi ihu. Muka haɗa baki muka ce, “Sannu da zuwa, mai gona.”

Sai ya sa hannu a aljihu. Baba Nomau ya riƙe masa hannun a hankali.

“Alhaji, ai ka san ba a biyan gayya da abin aljihu. Ran Asabar muna da tamu, a bakin kwari. Ga Sabo zai yi maka bayani.”

Ban taɓa zaton Sabo yana da irin wannan murya ba. Ya rusuna ya gaishe shi, sannan ya faɗi komai dalla-dalla, ba ɗaga harshe: tsadar hatsi, takin da ake ɗauka a ka, yaran da ba sa iya haye ruwa su je makaranta. Ya ƙare da cewa, “Ga Garba nan, iyalinsa ta kusa, kuma asibiti aka ce a kai ta. Ta ina za mu bi da ita, Alhaji?” Na sunkuyar da kai, kunya ta kama ni.

Sai Alhaji Ɗanlami ya faɗi abin da ban taɓa jin ɗan siyasa ya faɗa ba. Ya ce kansila ba shi da ikon fitar da kuɗin kwalbati. Ya kai maganar wurin ciyaman na ƙaramar hukuma, aka ce ya jira, shi kuma kunyar haɗa ido da mu ta sa ya daina zuwa.

Hajiya Yalwa tana tsaye a bayansa. Ta ce, “To ƙafarka fa, Ɗanlami? Ita ma ciyaman ne yake riƙe da ita?”

Sajan ne ya fara fashewa da dariya, sannan kowa. Kansila ma ya yi, yana share gumi da hannun riga. Ya ce, “Ran Asabar ina nan, in Allah ya yarda.”

Ya kuwa zo. Marka ta kama tun dare, ruwa yana ta yayyafi ba ƙaƙƙautawa, muka ce ai ya samu hanzari. Sai ga tifa ɗauke da duwatsu, ga tulin buhuna, ga shi a gaba tare da wani injiniya da ya jawo daga sakatariya. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya ɗauki kwanon sarki ya shiga layin masu ɗibar yashi. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo. Baba Nomau ya ce ya huta, ya ƙi. Da ya zo wucewa ta gabana da kwano a ka, ruwa yana bin fuskarsa, ya ce, “Garba, ni ba ni da kirari ne?”

Na ce, “Yau ka fara samu, Alhaji.” Na buga masa na manoma, irin wanda ake yi wa kowa. Ya ɗaga hannu ɗaya yana jinjina, yashi ya zubo masa a wuya.

Mashigin da muka yi da duwatsu da buhunan yashi ba kyakkyawa ba ne, kuma bayan kowane babban ruwa sai mun koma mun gyara. Amma babur yana wucewa, amalanken shanu ma haka. A kansa aka haye da Hajara wata safiya, lokacin gero ya fara fitar da kai, ina riƙe da akalar shanun ina addu’a. A Ɗanbatta ta sauka lafiya, muka samu ’ya mace. Da muka dawo an fara gasa tumu a gari, yunwa ta karye, ƙamshin sabon gero a wuta ya cika kowane lungu.

Kwalbatin gaske sai bayan kaka aka yi shi. Kansila ne ya yi mana jagora zuwa wurin ciyaman, muka sa tufafin Juma’a, muka zauna a tsakar sakatariya ba hayaniya, aka wakilta masu magana daga kowace jam’iyya. Sai da muka koma ba sau ɗaya ba. Amma daga wannan shekara ba a sake ƙona taya a garinmu ba. Su Nasiru yanzu hoton abin da ya lalace suke ɗauka a waya su tura, sannan su shirya su je su zauna. Na taɓa leƙa taronsu, na ji mai jagorancinsu yana cewa duk wanda ya san bakinsa ba ya riƙe zagi ya zauna a gida.

Baba Nomau da Hajiya Yalwa sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Sabo kuwa, bayan wasu shekaru shi muka zaɓa kansila. Ya fara da kyau, sai a shekararsa ta biyu rufin aji ɗaya na makarantar garinmu ya yaye, aka yi ta jiran sa shiru. Wata safiya da damina muka jeru a gonarsa ta bayan gari, na gasa ganga, na buga.

Ba mu kai rabin kunyar farko ba sai ga shi a guje, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, yana ɗaga hannu.

“Don Allah ku tsaya! Kwanon rufin yana hanya, wallahi gobe zai iso!”

Wani dattijo ya ɗago, ya share gumi, ya ce, “Mun ji, Alhaji. Je ka ce a ɗora tukunya.”